Bugu biyu ko fara a hannu: wace doka ce ta teburinmu?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙungiyar matasan unguwarmu ta samu tebura biyu na wasan da muke kira sinuka, kuma an ɗora mini nauyin rubuta dokokin gasar da za a yi bayan Sallah. Da na tara 'yan wasan sai na tarar sun rabu a kan abubuwa uku. Idan mutum ya yi laifi, wasu sun ce abokin karawarsa zai samu bugu biyu, wasu kuma sun ce zai ɗauki farar ƙwallo ya ajiye ta inda ya ga dama ya ci gaba da wasa. Sannan akwai masu dagewa cewa dole ne baƙar ƙwallo ta faɗa ramin da ƙwallonka ta ƙarshe ta faɗa. Na ukun shi ne, idan fara ta faɗa rami aka ciro ta, wasu sun ce gaba kawai ake buga ta, ba a taɓa ƙwallon da ke bayan layi. Kowane ɓangare yana rantsuwa cewa tasa ce dokar duniya. Ina roƙon wanda ya san tushen al'amarin ya warware mana.

Injiniya Hamisu: Wa alaikumus salam. Malam Sabi'u, kafin a shiga maganar doka, ka faɗa mana tsawon kowane tebur da adadin ƙwallayen da suka zo da shi da launinsu, domin amsar tambayarka a kansu ta dogara.

Malam Sabi'u: Ɗaya kafinta ne ya yi shi a nan gida, shimfiɗarsa ta katako ce, tsawonsa ƙafa 8, kuma an sayo masa ƙwallaye 15 masu lamba da fara guda. Ɗayan kuwa tsoho ne da aka shigo da shi daga Ingila, tsawonsa ƙafa 7, yana da wurin jefa kuɗi a gefe. Ƙwallayensa jajaye 7 ne, masu ruwan ɗorawa 7, baƙa ɗaya, sai fara wadda ta fi sauran ƙanƙanta.

Injiniya Hamisu: To, ashe 'yan wasanku ba su yi maka ƙarya ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Da farko dai babu teburin sinuka a cikin biyun. Teburin sinuka tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa 6, ana wasa a kansa da ƙwallaye 22, wato jajaye 15 da masu launi 6 da fara, kuma maki ake ƙirgawa: ja tana da maki 1, mai ruwan ɗorawa 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa 7. Ana jefa ja, a bi ta da mai launi, a mayar da mai launin gurbinta, har jajayen su ƙare, sannan a kwashe masu launin bi da bi daga ƙarama zuwa babba. Hukuncin laifi a can maki ne, mafi ƙaranci 4, ake ba abokin karawa. Abin da muke bugawa a bakin titunanmu pul ne, nau'in da ake raba ƙwallaye gida biyu a ƙare da baƙa, kuma wannan nau'in yana da gidaje biyu.

Gidan farko na Amurka ne. Shi ne mai ƙwallaye masu lamba, 1 zuwa 7 masu launi ɗaya, 9 zuwa 15 masu ratsi, lamba 8 baƙa, kowace faɗinta ya ɗan haura milimita 57, ramukan teburin kuma masu faɗin baki ne. A dokar da hukumar wasan ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, take aiki da ita, wanda aka yi wa laifi yana ɗaukar fara ya ajiye ta ko'ina a kan tebur. Haka kuma ɗan wasa yana bayyana ƙwallon da yake nufi da ramin da za ta faɗa, in dai bugun ba a fili yake ba, kuma bayan fara ta taɓa ƙwallonsa dole ne wata ƙwallo ta faɗa rami ko ta kai bango, wato gefen teburin mai mayar da ƙwallo, in ba haka ba ya yi laifi. Gida na biyu na Ingila ne, mai ja da ruwan ɗorawa, ƙwallayensa inci 2 ne, ramukansa matsattsu masu zagayayyen baki, kuma a wurensa ne aka gaji bugu biyu.

Maganar bugawa gaba kawai ita ma tana da asali, sai dai an faɗaɗa ta fiye da gurbinta. A dokar WPA, idan fara ta faɗa rami a bugun fasawa, wato bugun farko da ke warwatsa ƙwallayen da aka jera, abokin karawa yana ajiye ta a bayan layin kai, wato layin da ke gefen da ake fasawa daga shi, kuma ba zai buga ƙwallon da ke bayan layin kai tsaye ba. Bayan bugun fasawa wannan sharaɗi ba ya aiki. Dokar ramin ƙarshe kuwa wani salo ne da ake yi a wurare da dama don tsawaita wasa, amma ba ta cikin dokokin da ake gasar duniya da su.

Alhaji Ɗanlami: Injiniya, bayaninka ya yi, amma ina jin ƙamshin cewa ka karkata ga ɗaukar fara a hannu, ni kuwa ban yarda da ita ba. Mu da muka koyi riƙe sanda a kan babban tebur na kulob, tun ana sa wa mutum ido a kan yadda ya tsaya da yadda ya kafa hannunsa, abin da aka fara koya mana shi ne fitar da fara daga inda aka ɓoye ta. Idan aka ce duk wanda aka yi wa laifi ya ɗauki fara ya ajiye ta a bakin ƙwallonsa, to an sauƙaƙa masa abin da ya kamata ya yi gumi a kansa. Ƙaramin kuskure, kamar hannun riga ya taɓa ƙwallo, sai ya zama ya jawo wa mutum asarar turmi, wato zagayen wasan, gaba ɗaya, domin ƙwararre in ya samu fara a hannu a kan tebur mai ƙafa 7 ba zai sake ba ka sanda ba. Bugu biyu hukunci ne mai ma'auni, ana ba ka dama ta biyu amma daga inda fara ta tsaya. Ga shi kuma shi ne abin da yawancin yaran suka tashi suka tarar, kuma gasar unguwa ba wurin koyar da mutane sabuwar doka ba ce a ranar da suka zo neman kofi.

Nura: Baba Alhaji, da izininka, ni ina cikin masu buga wasan kusan kullum, kuma bugu biyun nan shi ne yake kawo rigima. Ba a taɓa daidaitawa a kan ko bugu na biyu yana nan idan ka jefa ƙwallo a bugun farko ba, ko kuma yana aiki idan baƙa kaɗai ta rage maka. Wani teburin a ce yana aiki, ka tsallaka titi a ce ba ya aiki.

Injiniya Hamisu: Abin da Nura ya faɗa ba a nan kaɗai ya faru ba. A Ingila ma an daɗe ana saɓani a kansa, har aka samu ƙungiyoyi daban-daban kowace da littafin dokarta, wasu suna barin bugu na biyu ya bi mutum har sai ya kuskure, wasu suna cewa ya ƙare da bugun farko. Amma Alhaji, babban dalilin ɗaukar fara a hannu shi ne maganin laifin ganganci. Ka ɗauka ƙwallonka tana bakin rami, tawa kuma tana maƙale a bayanta. Idan hukuncin laifi mai sauƙi ne, zan iya buga taka da gangan in kawar da ita, ko in tura fara lungun da ko bugu biyu ba zai amfane ka ba, in karɓi hukuncin ina murmushi, domin abin da na samu ya fi abin da na rasa. Duk dokar da ta bar laifi ya zama riba, masu wayo za su mayar da laifin dabara. Da fara a hannu babu mai yin haka, saboda ya san turmin zai iya tafiya. A nau'in ƙwallaye 9 na Amurka, inda dole fara ta fara taɓa mafi ƙarancin lamba a kan tebur, har an ƙara da cewa wanda ya yi laifi sau 3 a jere ya rasa turmin.

Malama Rabi: Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in ja hankalinku ga abin da tarihin wasan yake nunawa, wato doka tana bin kayan wasa ne, kayan ba sa bin doka. Wasan ya samo asali ne daga wasannin da ake yi a kan ciyawa a Turai, inda ake tura ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai, kafin a ɗauke shi a hau da shi kan tebur a ƙarni na 15. Ana danganta ɗaya daga cikin teburan farko da aka sani ga Sarki Louis na 11 na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1461 zuwa 1483, kuma koren ƙyallen da ake shimfiɗawa har yau kwaikwayon ciyawar nan ce. Wasan fada ne a lokacin: Sarauniya Mary ta Scotland ta koka a kan raba ta da teburinta sa'ad da take tsare, kafin a kashe ta a 1587.

A wancan zamani tura ƙwallo ake yi da faffaɗan kan sanda. Idan ƙwallo ta manne da bango sai a juya sandar a buga da siririn gindinta, a hankali kuma aka gane cewa bugu da gindin ya fi daidai, har sandar da muka sani ta kori tsohuwar. Sai dai sandar katako zalla tana zamewa idan ba tsakiyar ƙwallo ta samu ba. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, wanda ya yi zaman kurkuku a Paris har zuwa 1807, shi ake jingina wa liƙa fata a bakin sanda, kuma da wannan 'yar fatar ne aka samu damar bugun ƙasan fara ta dawo baya, ko bugun gefenta ta murɗa. A shekarun 1820 wani ɗan wasa a garin Bath na Ingila, John Carr, ya riƙa sayar da garin alli a 'yan akwatuna da tsada a matsayin sirrin murɗa ƙwallo. Allin da ake gogawa yanzu ba allin makaranta ba ne, haɗi ne na garin yashi da wani abu mai kaushi, wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897.

Teburin kansa haka ya canza. John Thurston na Landan ya fara shimfiɗa dutsen allo maimakon katako a 1826, sannan a 1845 ya sa bangon roba dafaffiya, wadda ba ta sandarewa da sanyi ba ta kuma narkewa da zafi, bayan Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa ta. Kafin zuwan roba, da tsumma da makamantansa ake cusa bango. Dokar da Injiniya ya kawo, cewa dole wata ƙwallo ta kai bango, ba za ta yi ma'ana ba a kan teburin da ba a san inda bangonsa zai mayar da ƙwallo ba. Saboda haka, Malam Sabi'u, ka fara duba abin da teburanka za su iya ɗauka.

Malam Isufu: Ina gaishe ku daga Maraɗi. Tun da Malama ta ambaci Faransa, ya kamata a sani cewa wasan da Faransawa suke ɗauka nasu ne ba shi da rami ko ɗaya. Ƙwallaye 3 ne kawai, kowane ɗan wasa da tasa, sai ta uku ja, kuma maki yana samuwa ne idan ƙwallonka ta taɓa sauran biyun a bugu ɗaya. Nau'in da ya fi daraja a yau shi ne na bango uku, inda dole ƙwallonka ta taɓa bango aƙalla sau 3 kafin ta kai ga ƙwallo ta biyu. Ƙwallayen sun fi na pul girma, milimita 61.5 ne, kuma a manyan gasa ana ɗumama dutsen teburin da lantarki don ƙyallen ya bushe, ƙwallo ta yi gudu iri ɗaya daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Raymond Ceulemans na Beljiyam ya ci gasar duniya ta wannan nau'i sau 21. Ana buga shi sosai a Koriya ta Kudu da Biyetnam da Turkiyya da Kolombiya, a nahiyarmu kuma Masar ce ta yi fice, har ana kai mata zagayen gasar kofin duniya. Na kawo wannan ne don in goyi bayan Alhaji a gefe ɗaya: a wannan wasa babu mai ɗaukar ƙwallo a hannu bayan laifi, sanda kawai take komawa ga abokin karawa. Amma in goyi bayan Injiniya a ɗaya gefen, inda babu rami babu bakin ramin da za a toshe, don haka laifin ganganci ba ya biya a can kamar yadda yake biya a pul.

Alhaji Ɗanlami: Na gode, Malam Isufu, ko rabin goyon baya ne na karɓa. Malama Rabi, ba kaya kaɗai suke sauya doka ba, gwanaye ma suna sauya ta. Kafin sinuka ta yi suna, wasan manya a Ingila da ƙasashen da ta mallaka shi ne biliyad na ƙwallaye 3 a kan babban tebur mai ramuka 6. Ana samun maki 2 idan ƙwallonka ta taɓa sauran biyun, maki 3 idan ka jefa ja ko ƙwallonka ta faɗa rami bayan ta taɓa ja, maki 2 idan da ƙwallon abokin karawa aka yi hakan. A 1907 Tom Reece ya maƙale ƙwallaye biyu a bakin ramin kusurwa, ya riƙa shafarsu da tasa a hankali, ya tara maki 499,135 cikin makonni ba tare da sanda ta koma ga abokin karawarsa ba. Dole aka haramta wannan bugu. Daga baya Walter Lindrum na Ostareliya ya yi 4,137 a jere a 1932, yana karawa da Joe Davis a Landan, aka sake ƙara sharuɗɗa don a rage irin wannan. Wasan da mutum ɗaya zai tsaya yana bugu abokinsa yana zaune yini guda, 'yan kallo suna guje masa, kuma tsorona ke nan game da fara a hannu a kan ƙaramin tebur.

Sinuka kuwa a barikin sojan Ingila a Indiya aka haife ta. Ana jingina ta ga wani ƙaramin hafsa, Neville Chamberlain, wanda ba shi ne firaministan nan mai irin sunansa ba, a garin Jabalpur a 1875, inda ya haɗa wasan jajaye 15 da wasan ƙwallaye masu launi, aka kuma tsara dokokinta a kulob ɗin Ootacamund a 1882. Joe Davis ne ya tsaya aka fara gasar duniya a 1927, ya ci ta sau 15 a jere har 1946. Abin da ya kai ta gidajen talakawa shi ne talabijin mai launi, da BBC ta fara shirin gasar sinuka a 1969, domin wasan da launi ne yake bambanta ƙwallayensa ba ya kalluwa a baƙi da fari. Tun 1977 ake gasar duniya a zauren Crucible na Sheffield, kuma a 1985 mutum miliyan 18.5 suka raba dare suna kallon Dennis Taylor ya doke Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe. Makin da ake ƙirga wa cikakken bugu shi ne 147, wato ja 15 kowace da baƙa, 120 ke nan, da 27 na masu launi. Yanzu ma kambun ya taɓa ƙaura zuwa Asiya, tun da Zhao Xintong na ƙasar Sin ya ci gasar 2025. Ina jin wannan suna da sinuka ta yi shi ya sa muke kiran kowane tebur mai koren ƙyalle da sunanta.

Nura: Malama, na taɓa jin cewa da hauren giwa ake yin ƙwallayen a da. Gaskiya ne, kuma yana da wani tasiri a kan yadda ake wasan?

Malama Rabi: Gaskiya ne, Nura, kuma a nan ne wasan ya taɓa nahiyarmu ta hanya mara daɗi, domin haure mai yawa daga Afirka aka riƙa kwasarsa, musamman ta kasuwar Zanzibar, zuwa Turai da Amurka. Haure ɗaya 'yan ƙwallaye kaɗan yake bayarwa, saboda dole a yanko kowace daga tsakiyarsa don nauyinta ya daidaita, kuma ko bayan an sassaƙa ta takan canza siffa da sauyin yanayi ko ta tsage, sai an mayar da ita wurin masassaƙi. Tsadar ta kai kamfanin Phelan da Collender na New York ya sanar da tukwicin dala 10,000 a shekarun 1860 ga wanda ya samo madadin haure. Wani ma'aikacin ɗab'i, John Wesley Hyatt, ya shiga neman wannan madadi, kuma a hanyar neman ne ya samar da seluloyid wajen 1870, ɗaya daga cikin robobin farko da aka yi kasuwancinsu, duk da cewa abu ne mai saurin kama wuta. Bayan Leo Baekeland ya ƙirƙiro wata roba mai tauri da ake kira Bakelite a 1907 aka samu hanyar yin ƙwallaye masu tauri masu nauyi ɗaya. A yau yawancin ƙwallayen manyan gasa kamfanin Saluc na Beljiyam ne yake yin su da sunan Aramith. Tasirin a kan wasa a fili yake: wasan da ke buƙatar ƙwallaye 16 ko 22 bai iya zama na kowa ba sai da ƙwallo ta yi arha, kuma bugun fasawa mai ƙarfi da kuke yi yanzu ba a yi wa haure shi.

Injiniya Hamisu: Malam Sabi'u, bari in dawo da mu kan buƙatarka, domin akwai mafitar da ina ganin Alhaji zai iya zama da ita. WPA ɗin nan tana da rubutacciyar doka ta teburin ja da ruwan ɗorawa, wadda ake kira Blackball, kuma da ita ake gasa a ƙasashen Afirka da dama, irin su Afirka ta Kudu da Uganda da Zambiya. A cikinta wanda aka yi wa laifi yana samun bugun kyauta guda, daga inda fara ta tsaya ko kuma ya mayar da ita bayan layi, kuma daga bayan layin yana iya bugawa ta kowace fuska. A bugun kyautar an yarda ya fara taɓa kowace ƙwallo, har ya jefa ta abokin karawa idan ta toshe masa rami, sannan ya ci gaba da bugunsa ko ya jefa ko bai jefa ba. Bugun kyautar ba ya bin mutum gaba, wannan ya amsa tambayar Nura. Wanda ya yi laifi da gangan kuma ya rasa turmin nan take. Ba a bayyana rami, kuma baƙa tana iya faɗawa ko'ina.

Sai dai ina shakkar teburin kafintan. Katako yana shan ruwa da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya lanƙwashe, shi ya sa za ka ga ƙwallo tana tafiya a hankali sai ta karkace. Ka ɗora ma'aunin magina mai ruwa a tsawonsa da faɗinsa da kusurwa zuwa kusurwa, sannan ka gangara ƙwallo a hankali daga kowane gefe ka ga inda take nufa. Na Ingilan, idan irin wanda na sani ne, dutse ne guda ɗaya a ƙarƙashin ƙyallensa, kuma ƙafafunsa suna murɗawa a daidaita shi. Ƙyallensa mai gashi ne mai kwanciya ta fuska ɗaya, don haka daga wajen layi zuwa wajen baƙa ake share shi da buroshi, ba a komowa. Ku duba fatar bakin sanduna kuma. Sandar teburin Ingila bakinta milimita 8 zuwa 9 ne, ta Amurka 12 zuwa 13, kuma sandar da fatarta ta ɓalle ita ce take yaga ƙyalle.

Malam Sabi'u: Allah ya saka da alheri. Na gwada teburin kafintan kamar yadda Injiniya ya ce, kuma lallai ƙwallo tana gangarawa wajen rami ɗaya na kusurwa. Shawarar da zan kai wa kwamiti ita ce a yi gasar gaba ɗaya a kan teburin Ingila da dokar Blackball, a bar ɗayan don motsa hannu kafin wasa. Za a rubuta dokar da Hausa a manna a bango mako biyu kafin ranar, a kuma karanta ta a gaban 'yan wasa kafin a jefa ƙuri'ar haɗa su. Dokar ramin ƙarshe ba za ta shiga ba.

Alhaji Ɗanlami: Na amince, duk da cewa barin mutum ya jefa ƙwallon abokin karawarsa a bugun kyauta bai kwanta mini ba har yanzu, domin toshe rami ma gwaninta ce. Amma tun da kun sa hukuncin rasa turmi a kan ganganci, to ku nemi alƙali wanda ba ya cikin gasar kuma ba shi da ƙane a cikinta, saboda shi ne zai raba kuskure da ganganci, kuma a nan ne za a yi ta jayayya. Ku rubuta kuma cewa dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa lokacin bugu, na ga yara suna hawa tebur.

Nura: Saura abu biyu, Injiniya. Idan baƙa ta faɗa a bugun fasawa, a wurinmu wasu suna cewa mai fasawar ya ci, wasu suna cewa an cinye shi. Sannan akwai masu sa sanda a ƙarƙashin fara su ɗaga ta ta tsallake wata ƙwallo.

Injiniya Hamisu: A dokar da kuka zaɓa bai ci ba, ba a kuma cinye shi ba. Ana sake jera ƙwallayen ne, shi ɗin ya sake fasawa. Ko a dokar ƙwallaye masu lamba ba a cin turmi da wannan, mai fasawar yana zaɓar a mayar da baƙa gurbinta ya ci gaba, ko a sake jerawa. Tsallake kuwa laifi ne a Blackball kamar yadda yake laifi a sinuka. A wasan Amurka an yarda da shi, amma da sharaɗin a ɗaga gindin sanda a bugi fara daga sama ta dunguri dutse ta yi tsalle, kwasarta daga ƙasa laifi ne a can ma. Malam Sabi'u, ka gargaɗi masu kula da teburan kada su musanya fararen ƙwallayen biyu. Ta teburin Ingila inci 1 da 7 bisa 8 ce, an ƙanƙanta ta ne don injin cikin teburin ya bambanta ta da sauran ya dawo da ita waje idan ta faɗa rami, alhali sauran suna kulle har a sake jefa kuɗi. Idan aka sa babbar farar a wurinta za ta maƙale a cikin teburin, idan kuma aka kai ƙaramar kan ƙwallaye masu lamba, rashin nauyinta zai sa ta riƙa komowa baya ko da ba a nufi haka ba.